Malam Matso da Fuskar Goggo

Wuyan kyamarar a karkace yake. Duk Gumel babu wanda ya lura, domin wanda ya tsaya gaban Malam Haladu Badaru bakinsa yake kallo, ba ƙirjinsa ba. Amma da mutum zai sauke ido kaɗan zuwa inda kyamarar take rataye, zai ga dogon wuyan nan nata ya ɗan sunkuya hagu, kamar akuyar da ke sauraron motsi a bayan danga. A gindin wuyan kuma akwai 'yan zane-zane farare, irin waɗanda haƙoran awartaki suke bari a jikin ƙarfe.

Wannan ƙaramin abu ne, bai kamata a fara labarin babban mutum da shi ba. Malam Haladu kuwa babban mutum ne. A shekarar 1975, daga Gagarawa har kan iyakar Maigatari, babu mai ilimin hoto kamarsa. Shi da kansa ya bincika ya tabbatar. Ya yi kwas na mako uku a Kano, ko da yake mako ɗaya zazzaɓi ne ya yi masa karatun. A takarda, mataimakin malamin gona ne a wani ƙaramin ofis. A bakinsa kuma, shi ne Jami'in Binciken Ƙananan Halittu ta Hanyar Hoto. Mutanen gari ba su da numfashin faɗin wannan duka, sai suka sa masa Malam Matso, saboda ba ya ɗaukar hoton komai sai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa abin.

Kyamarar ta wani Bature ce mai binciken ƙwarin gyaɗa, wanda ya yi damina biyu a ofishin. Da zai tafi ya bar musu akwati guda. A ciki akwai kyamarar, da ƙafarta uku, da wata waya da ake latsawa daga nesa don kada hannu ya girgiza hoto, da wasu zobban ƙarfe guda uku baƙaƙe. Baturen ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce zobban nan ana ɗaura su ne tsakanin jikin kyamara da idonta. In an sa ɗaya za ta ga kusa, in an sa uku za ta ga gashin ƙafar ƙuda. In an gama kuma a kwance su, domin muddin suna jiki ba za ta ga nesa ba. Malam Haladu ya ji rabin farko sarai. A rabi na biyu yana tunanin wace riga ce za ta dace da igiyar ratayawar.

Ranar da Baturen ya tafi, ya haɗa zobban uku ya ɗaura. Na ƙasan ya hau a karkace. Ya ji ya yi tauri, ya ɗauka haka kayan Turai suke, sai da ƙarfi. Ya sa hannu biyu ya murɗa har ya ji ƙas. Daga ranar zobban suka kama juna, suka kama kyamarar, kamar tare aka ƙera su. Ta daina ganin komai a duniya sai abin da ke nisan yatsu huɗu da idonta. Gaba da nan, masallaci da raƙumi da mutum duk hayaƙi ne.

Ƙaramin mutum da ya shiga wannan hali zai naɗe kyamara ya kai Kano, ya ce wa mai gyara na yi kuskure. Malam Haladu ba ƙaramin mutum ba ne. Kwana uku yana fama da awartaki a bayan ofis. A na huɗu ya fito da ilimi.

"Jama'a," in ji shi a inuwar da ake zama bayan la'asar, "hoto iri biyu ne. Akwai hoton nesa, wanda kowane ɗan kasuwa mai akwati da baƙin ƙyalle zai iya. Akwai kuma hoton kusa. Shi wannan mu uku ne muka iya shi a duk ƙasar nan. Biyun Turawa ne, ɗaya ma ya tafi."

Gaskiya dai a faɗe ta, a cikin yatsu huɗun nan da suka rage masa ya ƙware. Ya gano cewa a irin wannan kusanci wurin da yake fita tas bai fi kaurin reza ba. In idon ƙwaro ya fito, bayansa ya dushe. Saboda haka yakan matse ƙofar haske ta koma kamar kafar allura, don hoton ya yi zurfi. In ya matse ta haske ya yi kaɗan, sai ya sa a riƙe masa farantin tasa a karkato da rana. Ba ya murɗa ido don saiti, shi ne yake matsawa gaba ya ja baya kaɗan-kaɗan, ya ɗauke numfashi, sannan ya latsa waya. Ƙwaron da ya cika motsi kuwa yakan sa shi a gwangwani ya jefa cikin randa, sanyi ya kashe masa jiki. Matarsa Zuliha ta gano wannan dabara ne ranar da ta ɗebo wa baƙi ruwa, tun daga nan take rufe randar da dutse.

Ƙasa ta amfana da wannan ilimi matuƙa. An buɗe sabuwar rijiyar siminti a Gagarawa Tasha, aka aiko masa takanas. Mai gari da dattawa suka jeru cikin manyan riguna, kowa ya gyara hula, ya ɗaure fuska. Malam Matso ya ratsa ta tsakiyarsu bai kalli kowa ba, ya durƙusa a bakin rijiyar, ya ɗauki tururuwar da ke bin igiyar guga. Da mai gari ya tambaya cikin ladabi ko su ma za a waiwayo su, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Ranka ya daɗe, fuskarka kowa ya santa, yara ma sun santa. Wannan baiwar Allah kuwa tun da aka halicce ta ba wanda ya taɓa duban idonta sai yau. Tarihi a nan yake."

Bayan mako biyu ya aika wa mai gari hoton tururuwar cikin ambulan, da sa hannunsa a baya.

A wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar kuma, wani manomi mai suna Ubale ya kawo kukan ƙwari sun faɗa wa gyaɗarsa. Malam Matso ya je da kansa. Ya sa Ubale da ƙannensa biyu suka riƙe zanen uwargida suka tare iska, domin ganye in ya motsa kamar kaurin gashi hoto ya lalace. Ya hana su tari. Tun hantsi har azahar suna tsaye, hannuwa a sama. Hoton ya fito abin mamaki, ƙwaro kore shar, cikinsa kamar ƙwallon gilashi, ana ganin bakin da yake tsotson ganye da shi. Ubale ya yaba, sannan ya tambayi maganin da za a sa. Aka ce masa wannan sashen wani ne. Gyaɗar ta tafi, amma ba wanda zai ce bai ga fuskar wanda ya cinye ta ba.

Haka aka yi ta tafiya cikin ɗaukaka, har daminar da Goggo Sabuwa ta sami kujerar Makka.

Goggo Sabuwa ƙanwar mahaifinsa ce, a Ɗanzomo take, ita ta riƙe shi tun yana tatata. Shekara goma sha ɗaya tana tuyar ƙuli-ƙuli tana matsar mai da niyya ɗaya a zuciya. Gwiwoyinta sun fara ƙin tsugunno, ta kuma faɗa wa maƙwabciyarta A'i cewa in bana ta wuce, ba ta jin baɗi ƙafafun za su iya kewaya Ɗakin Allah. Komai ya kammala, saura hoton fuska guda huɗu da za a liƙa a takardu. Ta yi shirin zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wurin Ilu mai akwatin hoto, wanda yake ɗauka ya wanke ya ba mutum kafin furarsa ta jiƙa.

Labari ya iso Gumel. Malam Haladu ya ji kamar an mare shi a tsakiyar kasuwa. A ce Goggon Jami'in Bincike ta zauna gaban akwatin katako, a gaban dillalan shanu? Wane ido zai ɗaga a inuwar la'asar? Ya hau babur ya isa Ɗanzomo, ya shaida mata ba ta ba Ilu, ɗanta ne zai ɗauke ta da kayan da ko a Kaduna sai an tona. Goggo ta ce to, Allah ya yi albarka. Ta tambayi kwana nawa, ya ce ta bar masa wannan.

Sai da ya kamo hanyar gida abin ya faɗo masa. Fuskar mutum ta fi yatsu huɗu. Washegari ya koma bayan ofis da awartaki, ya ƙara wa wuyan zane biyu, bai motsa ba. Kano tana nan, mai gyara yana nan, kwana ma akwai. Amma direban da zai kai ta zai tambayi abin da ya same ta, kuma direba ba ya riƙe magana ta wuce Gumel tasha. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi tunani irin na manya. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka. Fuska in aka raba ta gida shida a tsaye, gida shida a kwance, talatin da shida ke nan cif. Irin wannan dacewa ba ta zuwa wa kowa.

Ranar Asabar da hantsi ya zaunar da Goggo a tsakar gidanta, bayanta a jikin bango. A'i ta riƙe faranti. Matan unguwa suka cika ƙofa. Ya fara daga goshi, yana bin fuskar layi-layi kamar mai huɗa, in ya kai ƙarshen kunya ya juyo. Idon kyamarar yana shafar girarta, numfashinsa na goro yana dukan kumatunta. An hana ta ƙiftawa, an hana ta haɗiyar yawu. Da ya iso kunne ta tambaya a hankali ko can ma har kunne suke dubawa. Ya ce ilimi ya ci gaba, Goggo.

Rana ta yi ta hawa. Hannun A'i ya gaji, farantin ya riƙa sauka yana tashi, haske yana zuwa yana tafiya. Goggo ta yi hamma sau ɗaya daidai kan leɓe. Ana tsakiyar hanci sai ga wani ƙuda mai koren baya ya sauka, ya tsaya cak yana goge hannuwa. Malam Haladu ya san ba shi da hoto ko ɗaya na asara. Ya sani sarai. Amma shekara biyu yana neman ƙudan da zai tsaya masa haka ba tare da randa ba. Ya ɗauke shi sau uku. Fim ya ƙare kafin a gama haɓa.

Direba ya kai fim Kano, ya dawo da hotuna ranar Talata. Malam Haladu ya sami babban kwali, ya dama gam, ya rufe ƙofar ofis yana jerawa. Ranar Laraba ya ɗauko Goggo daga Ɗanzomo, suka nufi wurin magatakardan da ke karɓar takardun maniyyata, kwalin a naɗe cikin zane. Sai da ya jira ɗakin ya cika sannan ya kware.

Fuskar ta kai rabin ƙyauren ɗaki. Idon dama ya fi na hagu girma, yana kuma sama da shi da yatsa biyu. Kunci ɗaya fari fat, ɗaya baƙi ƙirin, gwargwadon gajiyar A'i. Leɓen sama a rufe yake, na ƙasa yana hamma. Kowane ramin hanci mutum zai iya zura dunƙulen hannu. Haɓa babu, kwali ne kawai. A kan hancin kuwa ga ƙuda kamar kurciya, kowane gashi na jikinsa a tsaye, kyakkyawa ƙwarai.

"Malam," in ji Malam Haladu, "abin da ke gabanka ba hoto ba ne, hujja ce. Duk ma'aikacin da ya duba wannan, daga Kano har Jidda, ba zai rikita Goggo da kowa ba. Hatta ramukan gumi na lissafa."

Magatakardan mutum ne mai haƙuri. Ya daɗe yana kallo. Ya jawo takardar Goggo ya nuna masa gurbin hoto, wanda bai fi kwalin ashana ba. Ya ce Juma'a da safe sunaye za su tafi Kano, wanda gurbinsa yake fanko kujerarsa ta mai bi masa ce, kuma ba shi ya kafa dokar ba.

Goggo ta miƙe suka fito. Ta sake duban kwalin a rana.

"Matar dai ban santa ba," ta ce. "Ƙudan na gane shi."

A hanya ya yi mata bayanin cewa matsalar ƙasar nan ita ce an ɗora marasa ilimi kan tebur, kuma zai rubuta takarda Kano mai kwafi uku. Ta tambayi ko takardar za ta dawo kafin Juma'a. Ya ce irin waɗannan abubuwa ba a yi musu gaggawa. Ta kwana a ɗakin Zuliha. Da gari ya waye ya fito ya same ta zaune a kan babur ɗinsa, ta yafa mayafi, da kwalbar man gyaɗa a hannu wadda ba ta zuwa kasuwa sai da ita. Ta ce Maigatari. Ya buɗe baki, ta sake cewa Maigatari, da muryar da take kiransa da ita yana yaro in ya ɓoye a bayan rumbu. Ya shaida wa Zuliha cewa dama yana da niyyar zuwa duba yadda masu hoton kasuwa suke aiki, don ya rubuta rahoto. Kwalin ya ɗaure shi a bayan babur, ko za a sami mai ido.

Ilu mutumin Damagaram ne, rumfarsa tana gefen kara, inda ƙarar shanu ba ta barin mutum ya ji kansa. Kayansa akwatin katako ne kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi a jikinsa, da bokitin ruwa. Ya zaunar da Goggo gaban farin ƙyalle, ya ja baya taku uku, ya cire murfi ya mayar. Ya zura hannu cikin akwatin yana motsi kamar mai dama fura. Malam Haladu bai iya jurewa ba. Dillalai sun taru, ga kunnuwa a banza. Bayani irin nasa kuma hannu biyu yake so, saboda haka ya cire kyamarar daga wuya, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ɗora a cinyar Goggo.

"Malam Ilu, abin da kake yi sunansa tsayawa daga nesa. Kowa ya iya tsayawa daga nesa. Jaki ma daga nesa yake kallon duniya. Ni da gangan na hana kyamarata ganin nesa, domin mai ilimi ba ya ɓata idonsa a kan abin da kowa yake gani."

Ilu ya ce haka ne, Mushe, yadda mutanen Damagaram suke kiran ɗan boko, yana ta wanke takarda a bokiti.

Goggo kuwa tana juya abin da aka ɗora mata. Ta karkata kai ta dubi wuyan. Ta buɗe kwalbarta, ta tsoma tsinke, ta bi gindin zoben da ɗigon mai. Ta ɗan jira. Ta naɗe shi da gefen mayafi, ta danna ƙasa da tafin hannu, ta murɗa baya. Ƙarar da ya yi ba ta fi ta fasa gyaɗa ba, amma Malam Haladu ya ji ta a cikin ƙarar shanu dubu. Ya juyo. Kyamara a hannunta na dama, zobba uku a na hagu.

"Ungo, ɗan nan," ta ce. "Tun ranar da ka ɗora min shi a ido nake ganinsa a karkace. Haka murfin kwalba yake yi in an rufe da gaggawa. Ba ƙarfi yake so ba. Wa ya yi ta cizonsa da awartaki haka?"

Ilu ya goge hannu, ya karɓa, ya kwance idon daga kan zobban ya ɗaura shi a jikin kyamarar kai tsaye. Ya leƙa, ya ce kai, wannan kaya ne. Ya miƙa wa wani dillali mai suna Sajo, shi ma ya leƙa ya ce ga bijiminsa can a ƙarshen kara, har igiyar yana gani. Ta zaga hannu biyar kafin ta dawo wurin mai ita.

Malam Haladu ya kai ta ido. Kasuwa ta fito masa gaba ɗaya, ƙahonni da huluna da raƙuma, har bishiyoyin da ke hanyar iyaka. Ya sauke kaɗan. Ga wata 'yar tsohuwa a kan benci, fuskarta ɗaya, idanunta daidai, haɓarta tana nan, tana hura wa jiƙaƙƙun hotuna huɗu iska a tafin hannu.

Ya yi gyaran murya. Ya ce dama lokacin cire zobban ya yi bisa tsarin bincikensa, Goggo ta riga shi ne da kwana biyu. Sajo ya tambaya ko mai garin Gagarawa Tasha ya san da wannan tsari. Ilu ya dafa kafaɗarsa cikin girmamawa.

"Barka da zuwa, Mushe. Yanzu mu masu hoton nesa mun zama biyu. In ka saba, Alhamis akan yi mini yawa."

Sun isa Gumel kafin a tashi daga ofis. Magatakarda ya liƙa hoto a gurbinsa, ya buga hatimi, ya ce Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Goggo ta ce amin sau uku, ta share ido da gefen mayafin da ke warin man gyaɗa.

Da la'asar ya sauke ta a Ɗanzomo. Zai juya, ta ce ya bar mata kwalin. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ko ba komai, a dangi an san darajar aiki. Ta ce ya biyo ta. Suka zagaya bayan gari zuwa 'yar gonarta, inda gero ya fara nuna, tsuntsaye sun yi masa baƙi. Ta huda kwalin sama da ƙasa, ta zura igiya, ta kafa sanda a tsakiyar geron don ta ɗaure shi. Tun kafin ta gama ɗagawa garken ya tashi fir, bai sauka ba sai a gonar maƙwabci.

Shekara biyu Malam Haladu Badaru yana ofishin gona, wannan ne aikinsa na farko da ya ceci hatsi. Goggo ta ce sandar tana rawa. Ya tura kyamarar bayansa, ya tsuguna, ya riƙe mata gindin sandar har ta gama ɗaurewa.